Kurakuran da sababbi suke yi wajen samun sunan hannu a Libras

Tun da dokar 2005 ta wajabta wa masu karatun koyarwa a Brazil darasin Libras, yaren hannu na kuramen ƙasar, azuzuwa suka cika da sababbi, kuma duk shekara sai na ga an maimaita abin da ya ba ni kunya.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ƙirƙiro wa kansa alamar suna, wato alamar hannu da kurame za su riƙa kiransa da ita. Ina ka taɓa ganin jariri ya raɗa wa kansa suna? 'Yan Brazil batismo suke ce wa abin, wato baftisma, kuma kurma ne yake bayarwa, bayan ya zauna da kai ya ga kamanninka da ɗabi'arka: tabo ne, gira ce, yadda kake gyara tabarau ne. Sau da yawa akan haɗa da harafin farko na sunanka.

Ni a makona na biyu na tsara nawa, hannu a ƙirji, wai mai kirki. Na nuna a wani zaman kurame a Rio, sai wata dattijuwa ta tambaye ni wa ya ba ni. Na nuna kaina. Ba ta yi dariya ba, gara ma ta yi. Wata huɗu babu wanda ya kira ni da shi, harafi-harafi suke jero sunana da yatsu kamar baƙon da ya sauka jiya. Ranar da ta ga dama, ta ɗora yatsa a haƙoranta na gaba. Wushiryata ke nan, kuma shi nake amsawa har yau.

Sai masu ɓata rai don an sa musu suna da hanci ko sanƙo. Haba! Yaren ido ne, abin da ido ya gani yake kamawa, ba zagi ba ne. Kuma ba a canza shi kamar riga: wanda aka sa wa don gashin baki, ko ya aske sunan yana nan. In ya yi maka ciwo da gaske, ja mai bayarwar gefe tun ranar, kafin ya bazu.

Wajen gabatar da kai, ni nakan jero sunana da yatsu tukuna, sannan alamar.

Kada ka kwaso alamun Amurka. Libras da yaren hannun Faransa take da dangantaka, ta hanyar Huet, malami kurma Bafaranshe da ya kafa makarantar kurame ta Rio a 1857.

In an nuna maka sunan wani, maimaita a gabansa har ya gyaɗa kai. Yatsa ya kauce daga kunci zuwa haɓa, ka kira wani daban.