Tsohuwar kwamfuta da sabuwar Windows: wuraren da aka fi yin kuskure

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Tun daga nan maganar da ke bakin masu kai laftof gyara ita ce, "Injiniya, a sa mini Windows 11." Daga Agege, daga Idi-Araba, daga Mile 12, mutum zai rungumi kwamfutarsa ya nufi Computer Village a Ikeja, yana sa ran kafin la'asar ta dawo sabuwa fil. Sai dai kwamfutocin da ke hannun jama'armu a nan Legas galibi tokumbo ne, sun gama aiki a ofisoshin Ingila ko Amurka kafin su sauka a nan. Irin waɗannan suna da sauran amfani sosai, amma ba kowace manhaja suke iya ɗauka ba, kuma ɓarnar da ake yi musu wajen canjin ta fi wadda tsufa ke yi.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaukar sabuwar Windows a matsayin maganin nauyi. Kwamfuta tana ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, ana danna abu sai an jira, sai mai ita ya yanke cewa Windows ɗin ce ta tsufa. Yawanci ba ita ba ce. Abin da ke jan ƙafa shi ne faifan ajiya irin na da, mai juyawa a ciki, wanda masu gyara ke kira had dis. Windows 10 da 11 suna yawan karatu da rubutu a kan faifai ko da ba ka taɓa komai ba, tsohon faifan kuwa ba ya iya binsu. In ka ɗora masa sabuwar manhaja, ka ƙara wa jakin da ya riga ya gaji kaya ne kawai. Gyaran shi ne a cire shi a sa SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa. Tsofaffin laftof na HP, Dell da Lenovo kusan duk suna karɓar SSD mai inci 2.5, kuma mai girman 256GB ya ishi wanda aikinsa rubutu ne, lissafin shago da shiga intanet. A ganina, in kuɗin mutum na abu ɗaya ne tak, to SSD ya kamata ya saya, ya bar maganar canza Windows tukuna.

Bayan faifai sai RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin. A takarda Windows 11 tana neman 4GB, amma wannan na tashi ne kawai; da ka buɗe Chrome da shafuka shida ka haɗa da Word, sai ta fara haki. A kai shi 8GB. A nan ma akwai wurin tuntuɓe: DDR3, DDR3L da DDR4 ba ɗaya ba ne. DDR4 ba zai ma shiga ramin DDR3 ba. DDR3 da DDR3L kuwa kamarsu ɗaya, amma na farko wutarsa 1.5V ce, na biyu 1.35V, kuma akwai laftof ɗin da ba sa tashi sai da mai L ɗin. Ka je da kwamfutar kasuwa a gwada a gabanka, kar ka sayo da ka. Tun da an riga an buɗe ta, ka ce a busa ƙurar fanka a sake man da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Zafin Legas da danshinta suna sa ƙura ta dunƙule a cikin fanka, furosesa kuma in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone.

Kuskure na biyu, rashin sanin zamanin furosesa. Mai sayarwa zai ce maka, "Alhaji, ai Core i7 ce, babu abin da ba za ta ɗauka ba." Sunan i7 shi kaɗai bai gaya maka komai ba, domin akwai i7 na 2011 akwai na bara. Lambar da ke bayan sunan ita ce abin dubawa. In ka ga i5-6300U, lambar farko, wato 6, tana nufin zamani na shida. In i5-8250U ne, zamani na takwas ke nan. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, a ƙa'ida tana karɓar Intel daga zamani na takwas zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000, ban da wasu 'yan ƙalilan da aka keɓe. Shi ya sa HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, waɗanda suka cika kasuwa, ba sa cikin jerin, alhali 840 G5, Latitude 7490 da ThinkPad T480 masu furosesa zamani na takwas suna ciki. Tana kuma neman wurin ajiya 64GB, da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da tsarin tashi na UEFI. Microsoft na da ƙaramar manhaja kyauta mai suna PC Health Check. Cikin minti ɗaya za ta faɗa maka abin da ya cika da abin da ya gaza.

Akwai kishiyar wannan kuskuren, kuma ya fi ba ni haushi don yana sa mutane sayar da kwamfuta mai lafiya a banza. Manhajar za ta ce babu TPM, sai a ɗauka shi ke nan. Sau da yawa yana nan, a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi. A kwamfutocin Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Kunna shi kawai za a yi. Haka in an girka Windows ta da a tsohon tsarin faifai na MBR, za ta ƙi karɓar sabuwar har sai an mayar da faifan GPT, kuma Windows 10 tana da kayan yin hakan a cikinta, MBR2GPT, ba tare da an goge komai ba.

To, in kwamfutar ba ta cika sharaɗin ba fa? Kowane yaron shago ya san yadda ake tsallake shingen da manhajar Rufus, kuma gaskiya yana aiki. Ba na cewa haramun ne. Laftof mai zamani na shida ko na bakwai, da SSD da RAM 8GB, tana tafiyar da Windows 11 lafiya ƙalau. Kuskuren shi ne a yi maka ba a gaya maka ba. Microsoft ta faɗa ƙarara cewa irin wannan kwamfutar ba ta da tabbacin samun sabuntawa, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa, sai an sake ɗora shi da hannu. Wanda ya san haka ya yarda, ruwansa. Amma kwamfutar da ake ajiye lissafin dilan shanu ko na shagon canji a kanta, ni ba zan so ta zauna a kan abin da ba shi da tabbas ba. Waɗanda suka tsufa ƙwarai kuwa, irin su Core 2 Duo, dabarar ma ta daina yi musu aiki: daga fitowar 24H2, Windows 11 tana buƙatar wasu umarnai da waɗannan furosesa ba su da su, don haka ba za ta ma tashi ba. Kuma babu Windows 11 mai bit 32 sam.

Yanzu ga wanda ke sa manya kuka: kalmar "fomat". Mai kwamfuta ya ce a canza masa Windows, mai gyara ya ji a goge komai a fara daga farko, don shi ne ya fi sauri, ga kuma layi na jira. Kafin a ankara hotunan biki, takardun makarantar yara da rasit na shekaru sun tafi. Hanya biyu ce ake canza Windows. Akwai ɗorawa a kan tsohuwar, wadda ke barin fayiloli da manhajoji a inda suke, akwai kuma girkawa daga tushe, wadda ke share ɓangaren faifan da aka zaɓa. Ka tambaya da bakinka, "Malam, wacce za ka yi?" Ko wacce ce, ka kwafe kayanka a wani faifan waje ko filashi tun daga gida, sannan ka buɗe kwafin a wata kwamfutar ka tabbatar yana buɗuwa. Kada ka dogara da cewa kayanka suna ɓangaren D. Dannawa ɗaya ce a lokacin girkawa take share shi. Mutane suna tuna hotuna su manta da kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, da fayil ɗin manhajar lissafi wanda ba a cikin Documents yake zama ba. In faifan a kulle yake da BitLocker, kamar yadda ake samu a wasu kwamfutocin ofis, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 kafin a taɓa BIOS, in ba haka ba kana iya tsayawa a ƙofar kayanka ba hanyar shiga.

Wanda aka ɗora masa a kan tsohuwar yana da kwana 10 da zai iya komawa baya in sabuwar ba ta yi masa ba. Tsohuwar tana zaune a wata jaka mai suna Windows.old. Wasu suna ganin ta cinye wuri sai su goge ta a ranar farko, su rufe wa kansu hanyar dawowa. Ka bar ta har ka gwada firinta, sauti, kyamara da duk abin da kake aiki da shi.

Maganar wuta ba ta buƙatar dogon bayani ga mazaunin Legas. Batirin tokumbo da yawa minti ashirin yake riƙewa, wani ma da an zare caja yake mutuwa. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa, a mafi sauƙi a sake daga farko. In kuwa BIOS ake sabuntawa, kwamfutar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Kar ka fara sai da inbata, ko UPS, ko janareto mai isasshen mai.

Sai Windows ta sata. Ana ɗora wa mutum wadda aka fasa, a haɗa masa da wata manhajar "kunnawa" da aka sauko da ita daga inda ba a sani ba, har a kashe masa Windows Defender, manhajar tsaron da ke cikin Windows, don kar ta kama ta. Mutumin da ke shiga asusun bankinsa a wannan kwamfutar ya bar ƙofa a buɗe ke nan. Abin takaicin shi ne sau da yawa ba a ma buƙatar hakan. Kwamfutocin manyan kamfanoni da suka fito da Windows 8 zuwa sama suna ɗauke da lasisinsu a cikin allon uwa, kuma wadda ke da halastacciyar Windows 10 tana hawa 11 kyauta. Sharaɗin kawai a girka irin wadda lasisin ya ba da: mai Home a sa masa Home, mai Pro a sa masa Pro. Ana sa wa mai Home Pro don sunan ya fi daɗin ji, sai ta ƙi kunnuwa, daga nan a koma neman ta sata. A sauko da Windows daga shafin Microsoft, a sa ta a filashi mai 8GB ko fiye.

Masu shagon buga takardu da masu zanen kati su yi hattara ta wani gefen. Tsohuwar firinta ko sikana da ta yi shekara goma tana aiki tana iya rasa direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, a sabuwar Windows, haka tsohon CorelDRAW yana iya ƙin buɗuwa. A duba shafin kamfanin na'urar kafin a canza, ba bayan kwastoma ya tsaya a kanka ba. Ka kuma ajiye direban Wi-Fi a filashi, domin in sabuwar ta tashi ba ta ga intanet ba, da me za ka sauko da shi? In da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna mata cewa data ɗin a ƙidaye yake, in ba haka ba sabuntawar farko za ta lashe na wata guda a dare ɗaya. Masu rubutu da Hausa kuma su tuna su mayar da allon rubutu na Hausa a saitin harshe, don ƙ, ɗ da ɓ su dawo.

A ɗaya gefen akwai waɗanda suka ce su ba za su motsa ba. Har yanzu ana ganin Windows 7 a shaguna, alhali an daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, Windows 8.1 kuma tun 10 ga Janairu, 2023. Chrome ma ya tsaya a fitowa ta 109 a kansu. In kwamfutar ba ta shiga intanet, aikinta buga takarda ne kawai, a bar ta ta ci gaba. In tana shiga, kowace ɓarakar tsaro da aka gano bayan waɗannan ranakun tana nan a buɗe. A watan Mayu na 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, ta wata kafa da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne ta kama. Mai Windows 10 yana da ɗan sarari, domin akwai shirin ƙarin sabuntawar tsaro da ake kira ESU, wanda ke kaiwa 13 ga Oktoba, 2026 ga masu amfanin gida, amma sai kwamfutar tana kan fitowa ta ƙarshe, 22H2, kuma sai an yi rajista.

Kwamfutar da Windows 11 ta fi ƙarfinta kuwa ba ta zama shara ba. Akwai manhajojin da ake sawa a madadin Windows. Linux Mint, musamman nau'inta mara nauyi mai suna Xfce, da Lubuntu kyauta ne, ana sabunta su, kuma suna tafiya a kan RAM 4GB ba tare da wahala ba. Akwai kuma ChromeOS Flex na Google ga wanda duk aikinsa a burauza yake. Sun dace da ɗalibi, da mai rubuta wasiƙu, da mai kallon karatun malamai a YouTube. Ba su dace da wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop ba, domin waɗannan ba sa aiki a kansu kai tsaye. Ana iya tayar da Linux Mint daga filashi a yi aiki da ita ba tare da an girka ba, don haka ka gwada Wi-Fi, sauti da firintarka a haka tukuna, in duk sun amsa sannan a taɓa faifan.