Kada ka kwance motar gaba ɗaya

Jama'a, duk mai tsohuwar motar Ford Mustang ta 1965 ko 1966, kada ka kwance ta gaba ɗaya da sunan gyara. Da yawa sun yi haka, kuɗi suka ƙare, mota ta shekara biyar a kan bulo. Ɗauki aiki guda, wanda za ka gama ran Asabar ka hau abinka ran Litinin.

Fara da birki. Tukunyar man birkinta ɗaki ɗaya ce, in bututu guda ya fashe, birkin duk ƙafa huɗu ya tafi. Sa tukunya mai ɗaki biyu irin ta 1967, ba ta da tsada. Sai taya da lagireto. Fenti kuwa, ai ba ya tsayar da mota, ya jira tukuna.