Yadda Ake Sarrafa Kai a Tseren Dawaki na Dogon Zango

Da yawa daga cikin sababbin mahayan da ake cirewa daga tseren dogon zango tun a zagayen farko suke ƙarar da ƙarfin dokinsu, saboda sun ɗauka jarumta ita ce gudu. A manyan gasa ana cin kilomita 160 cikin yini guda, an raba tafiyar zagaye-zagaye, kuma a ƙarshen kowane zagaye likitocin dabbobi suna duba dokin. A ƙa'idar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, sai bugun zuciyarsa ya sauko zuwa 64 a minti kafin a bar shi ya ci gaba, wanda kuwa aka ga yana ɗingishi an sallame shi ke nan.

Ka fara da jikinka. Mahayin da ya gaji yakan zube a kan sirdi ya karkata gefe guda, dokin ne kuma ke biyan kuɗin wannan da bayansa. Ka saba da sassarfa ta awanni, ka saba da sauka kana gudu kusa da dokin a gangara.

Babbar jarrabawa tana wajen tashi. Da asuba dawaki suna cike da ƙarfi, kowanne yana jan linzami, mahaya suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya, zuciyarka kuma tana raya maka cewa an bar ka a baya. A nan ne ake bukatar taurin rai na gaskiya. Ka bar ayarin gaba ya tafi, ka tashi bayan an ɗan watse, ka riƙe saurin da kuka saba da shi a horo, ko da dokin yana nuna yana iya fin haka. Doki ba ya sanin tsawon tafiyar da ke gabansa, kuma dokin Larabawa, wanda shi ne ya mamaye wannan wasa, zai bi 'yan'uwansa har ya illata kansa idan aka sake masa. Ni ban yarda sabon mahayi ya yi sukuwa ko sau ɗaya a zagayen farko ba. A gasar Tevis ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka fara a 1955, ana ba da awa 24 don mil 100 a cikin duwatsu, amma kusan rabin masu tashi ne kawai ke kaiwa garin Auburn, inda tseren yake ƙarewa.

Kafin ka isa wurin likita, ka sauka ka ja shi da ƙafa, ka sassauta majayi, ka yi ta zuba masa ruwa a wuya da ƙafafu. Na'urar awon bugun zuciya tana da tsada. Yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi da agogon hannu sun wadatar a shekarar farko. Ka tsaya a kowane ruwa ka ba shi lokaci ya sha, ko da abokan tafiya sun wuce.

Zagayen ƙarshe yakan faɗo cikin duhu, ga yunwa ga ciwon gwiwa, don haka ka ci abinci tun kafin ka ji bukata. Idan dokin ya ƙi ci, ya ƙi sha, ko takunsa ya sauya, ka janye shi da kanka kada ka jira likita ya faɗa maka.