Ringi ko injin Belgium: kurakuran da masu mota suka fi yi

Da zarar mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi sai ka ji an ce ai injin ya mutu, a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko na Belgium kawai, wato tsohon injin da aka shigo da shi daga waje. To wannan gaggawar ita ke cinye kuɗin mutane wallahi. Hayaƙin ma kala-kala ne, in mai shuɗi-shuɗi ne baƙin mai take ƙonawa, ko ringin fistan ya gaji ko kuma robobin bawul ne kawai suka bushe, su kuwa ba sai an sauke inji ba. In fari ne mai kauri ga ruwan lagireto na raguwa, ka buɗe murfin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, yawanci gaskit ɗin sama ne ya ƙone. Baƙi kuma nozul ko filtar iska za a fara dubawa. Ka sa makanike ya gwada kwamfireshan ɗin kowace silinda tukuna kafin a kwance ko noti ɗaya.

Sai masu ringi ba awo. A buɗe inji a ƙarƙashin bishiya, ƙura na zuba ciki, a zura sabon ringi a ramin da ya riga ya cinye ya faɗaɗa, bayan 'yan watanni hayaƙi ya dawo a ce ai ringi ba ya ƙarko. Dole a kai bulok da kirankishaf wajen mai injin gurza ya auna, in silinda ta buɗe a faɗaɗa ta a sa fistan mai girman da ya dace, in an gurji kiranki 0.25 to metal ɗin da kirankin ke juyawa a kansa ma 0.25 za a sa. Kan injin da ya taɓa yin zafi sosai shi ma a duba ko ya lanƙwashe. Kuma don Allah ka je sayen kayan da kanka tare da wanda ya sani, jabu sun yi yawa.

Na Belgium kuma ba sabo ba ne fa, wani ne ya more shi a can, an dai wanke shi yana ƙyalli. Leƙa ta murfin mai ko akwai baƙin dauɗa ya daskare, a cire filogi a gani, a juya kiranki da sifana ka ji ko yana juyawa sumul. Lambar injin ta zama irin ta motarka, misali Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai 1.8 1ZZ ne, in an kawo wani daban sai a shiga yanke wayoyi da rigimar birenbos, wato kwamfutar motar. Maganar garanti a rubuta ta a rasit tare da lambar injin, kar ka yarda da "ba matsala Alhaji".

Wanda ya fi ci min rai shi ne a canza inji a bar abin da ya kashe na farko. Lagireto a toshe, fanka ba ta tashi, famfon ruwa na yoyo, ana ta ɗura ruwan rijiya, to sabon ma haka zai yi zafi ya ƙone gaskit a hanyar Zariya.

Ni dai in bulok ya tsage ko sandar fistan ta fasa shi ta fito, babu batun gyara, a sayi wani. In bulok lafiya kuma kana da makanike mai awo, gyaran naka ya fi, don ka san abin da ke ciki. Bayan ringi a bi ta a hankali ba lodi mai nauyi, a juye mai da filta wajen kilomita 1,000.