Idan kakar bana ta tafi, sayar da tsofaffin 'yan wasanka

Masu buga dainasti na NFL, wato wasan fantasi na gasar ƙwallon Amurka inda kake haɗa ƙungiya da 'yan wasa na gaske kana riƙe su shekara da shekaru, ku saurara.

In ƙungiyarka ta sha kashi a makonni shida na farko, daina fafutuka. Sayar da tsofaffin masu gudu da ƙwallo ga masu neman kofi, ka karɓi gurbin zaɓen sababbin 'yan wasa na baɗi.

Dalili? A rukunoni da yawa, na ƙarshe a tebur shi ke fara zaɓe. Haka mutane suka samu matashin mai gudu da ƙwallo Bijan Robinson a 2023. Mai gudu kuwa da ya kai shekara 28, farashinsa faɗuwa yake yi.

Amma ka tabbata gurbinka na zagayen farko yana hannunka. In ka riga ka sayar da gurbin, wani ka yi wa noma.

Wasu rukunonin kuma da mafi yawan makin da za ka iya ci suke lissafin wanda zai fara zaɓe, don haka ajiye gwanaye a benci don ka sha kashi ba ya amfani.