Ka karɓi makullin sabon gida: abin da za ka fara yi da inda kuɗi zai tafi

Yawancin masu sayen gida, ɗan kuɗin da ya rage musu bayan ciniki yakan ƙare a fenti, labule da kujeru. Ba laifi ba ne a so gida ya yi kyau, amma fenti zai iya jira wata shida, bututun da ke yoyo a cikin bango kuwa ba ya jira. Kuɗin farko na abubuwan da ido ba ya gani ne: ruwa, wuta, rufi da tsaro.

A ranar farko, tun kafin a shigo da kaya, ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa yadda lambobin za su fito sarai, da kwanan wata. Da wannan hoton za ka je a mayar da mitocin sunanka, kuma da shi za ka kare kanka idan aka kawo maka bashin mai gidan na da. Tambayi kamfanin wuta da na ruwa ko akwai ragowar bashi a kan mitar, domin a wurare da dama bashin yana bin mitar ne, ba mutumin ba. A ranar kuma a canja makullan duk ƙofofin waje, har da ƙofar baya da ta gareji. Ba ka san hannu nawa tsofaffin makullan suka shiga ba: 'yan haya, magina, 'yan uwan mai gidan. Sau da yawa ba sai an cire kubar gaba ɗaya ba, kafinta zai canja ƙwayar da makulli ke shiga kawai, kuma hakan ya fi sauƙin kuɗi.

Sai ruwa, wanda shi ne ya fi cin kuɗin masu gida a ɓoye. Nemo babban makunnin da ke tsayar da ruwan gidan baki ɗaya, ka murɗa shi ka tabbatar yana rufewa. Irin waɗannan makunnai kan cije saboda daɗewa ba a taɓa su ba, kuma ranar da bututu ya fashe da tsakar dare ba ranar gano hakan ba ce. Nuna wa kowane baligi a gidan inda yake. Bayan nan ka gwada ko akwai yoyo: rufe kowane famfo, karanta mita, ka bar ruwa sa'a biyu ba a taɓa ba, sannan ka sake karantawa. Idan lambar ta motsa, ruwa na fita a wani wuri. Gidan da ke amfani da tanki, a yi alama a matakin ruwan da dare, a duba da asuba kafin kowa ya buɗe famfo. Tankin ban ɗaki shi ne ya fi yawan laifi: zuba ɗan launi a cikinsa, ka jira minti 20 ba tare da an ja ruwa ba, in launin ya bayyana a masai, robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu, kuma canja ta aiki ne na 'yan mintuna. Kada a raina famfon da ke ɗiga ma, domin ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara. Wanke tankin ajiya kafin a sha ruwansa, kuma ka tambayi yaushe aka kwashe sokawe. Yawanci ana kwashewa duk shekara 3 zuwa 5, gwargwadon yawan mutanen gida.

Wuta ba ta son gwaji da ka, a nan kira ƙwararren mai gyaran lantarki ka biya shi ya duba gidan gaba ɗaya. Abin da za ka iya yi da kanka shi ne buɗe murfin akwatin rarraba wuta, ka kashe makunnan ɗaya bayan ɗaya, wani yana faɗa maka ɗakin da ya ɗauke, ka rubuta a takarda ka manna a jikin murfin. Duba ko akwai na'urar da ke yanke wuta idan ta bi ta jikin mutum. Ana rubuta 30mA a jikinta, kuma tana da maɓallin gwaji. Danna shi: in wuta ba ta ɗauke nan take ba, a canja ta, in kuma babu ita sam, a saka. Soket da ya yi baƙi, ko yake ɗumi in an taɓa, ko yake warin roba, alama ce waya ta saki a ciki tana zafi, kuma daga nan gobara ke tashi. Ka sa mai gyaran ya tabbatar wayar kariya da aka binne a ƙasa, wadda ke kai wutar da ta kauce cikin ƙasa, tana aiki, sannan wayoyin da ke ɗauke da na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa suna da kaurin da ya dace da su. Saka na'urar gano hayaƙi a kusa da ɗakunan kwana, a gwada ta duk wata, a canja ta bayan shekara 10. In ana girki da gas, shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa; kumfa mai tashi na nufin gas na fita. Janareto kuwa wurinsa waje ne, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari.

Rufi ana duba shi kafin ruwan sama, ba bayan silin ya jiƙe ba. Tabo mai ruwan ƙasa a silin shaida ce ta yoyo, ko da an shafe shi da sabon fenti. Haska shi da tocila daga gefe, za ka ga wurin ya kumbura. Ruwa yakan shiga ta ramin ƙusa, ta mahaɗar kwano, ko ta inda rufi ya haɗu da bango, kuma yakan bi katako ya ɗigo nesa da inda ya shigo, shi ya sa toshe daidai saman tabon ba ya magance matsalar. Share indararo, ka kuma zagaya gidan ka ga inda ruwa ke gangarawa. Ƙasa ta kamata ta karkata daga jikin gini, kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. In ruwa yana kwanciya a gindin bango, danshi zai hau, fenti ya ɓare, filasta ta fara zuba.

Tsagewar bango ba duka ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi yawanci a filasta take. Wadda ta kai milimita 5, ko take tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko ta sa ƙofa ta fara cijewa, wannan ta injiniya ce. Ja layi da fensir a ƙarshenta, rubuta kwanan wata, ka duba bayan wata uku ko ta wuce layin. Yayin da kake zagayen, kula da siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa a jikin bango, ka ƙwanƙwasa katakon ƙofofi. In ya yi ƙarar fanko, an cinye cikinsa. Feshin magani ya fi sauƙi gida yana wayam.

Game da kuɗi, raba shi gida uku. Akwai na takardu: mayar da shaidar mallaka sunanka a hukumar da ke rajistar filaye, kuɗin lauya, harajin gida inda ake biya, da inshora, wadda ya kamata ka karanta abin da ba ta biya, domin ba kowace yarjejeniya ce ke biyan ɓarnar ambaliya ba. Akwai na gyaran gaggawa da binciken nan zai fito da shi. Sai na ajiya: ma'aunin da aka saba shi ne ware kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara don gyara, tsohon gida kuma ya fi haka. Kowane babban aiki nemi farashi a rubuce daga mutum uku, a raba kuɗin kaya da na aiki, kada kuma ka biya duka a gaba. Riƙe wani kaso har ka gwada aikin. In za a fasa bango don waya ko bututu, a gama wannan tukuna, a yi filasta ta bushe sosai, sannan tayil, fenti ya zo a ƙarshe.