Yadda Ake Kare Iyali Daga Tsutsar Nama Ta Tirikinela

Da yawa a Kebbi za su ce ciwon tsutsar tirikinela, wanda aka fi dangantawa da naman alade, bai shafe su ba tunda ba sa cin alade, amma tsutsar tirikinela, wadda ido ba ya gani, tana kwanciya a tsokar gadu da namun dawa masu cin nama, har ma da doki. A shekarar 1985 naman doki ne ya kwantar da mutum fiye da 1,000 a Faransa. Saboda haka duk gidan da naman farauta ke shiga lokacin rani, a ƙasar Zuru ko Yawuri ko wani wuri, ya kamata ya bi waɗannan matakai.

Da farko a tabbatar da irin dabbar kafin a saya, domin naman da aka riga aka yanyanka ba ya nuna asalinsa. Hatsarin kaɗan ne ƙwarai a naman sa da akuya da tunkiya, tunda ciyawa suke ci.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne dafuwa. A yanka naman ƙanana, a dafa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, kuma wanda ba shi da ma'auni ya bar shi ya daɗe yana tafasa har ya yi laushi, ya tsaga mafi kaurin yankan ya ga babu sauran ja. Kada a ɗanɗana kafin ya nuna. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka amince da banda da shanya da gishiri, alhali babu ɗayansu da za a dogara da shi wajen kashe tsutsar. Firiza ma ba abin dogaro ba ce: a 2022 wasu dangi a Amurka sun kamu daga naman beya, wata babbar dabbar dawa, da ya yi kwana 45 a ƙanƙare, kuma biyu daga cikinsu kayan lambun da aka gasa tare da naman kaɗai suka ci.

Bayan haka a wanke wuƙa da katako da hannu da sabulu.

Idan gudawa da ciwon ciki suka biyo bayan cin irin wannan nama, sannan bayan mako biyu ko fiye zazzaɓi ya zo tare da ciwon tsoka da kumburin fatar ido, a je asibiti da wuri, a faɗa wa likita naman da aka ci da duk waɗanda suka ci tare. Albendazol ko mebendazol da likita zai rubuta sun fi aiki kafin tsutsar ta kafu a tsoka, kuma jinkiri na iya kai ciwon ga zuciya ko ƙwaƙwalwa.